Ranar da Gwani Ya Share wa Fure Hanci

Tun da aka kawo ni gidan maigidana ban taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba. Ya iya gyaran famfo, shi ya sa muka taɓa wuni muna kwashe ruwa daga falo da bokiti. Ya iya aski, shi ya sa ƙaramin ɗanmu ya daɗe bai yarda ya cire hula a gaban mutane ba. Mutanen layinmu suna kiransa Gwani, shi kuma yana amsawa da ƙarfinsa, domin har yau bai gane tsiya suke yi masa ba.

Da ya ajiye aikin ofis sai ya sayo kyamara mai dogon baki, haɗe da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai. Kafin a ce me, ya ɗauki hoton kowa a layin. Hoton mai aski ya fito babu kai, na tela kuma kai ne kawai, shi ma rabi. Da suka yi ƙorafi sai ya ce musu salon zamani ne, sai mai zurfin ilimi yake gane shi.

“Ni dai ka maido min da kaina,” in ji mai aski. “Da shi nake fita nema.”

To, maigidan nan nawa yana da yaya mace guda ɗaya, ita ta raine shi, duk muna kiranta Yaya. Tun da mijinta ya rasu ta duƙufa kan wasu furanni da ake kira okid. Ba sa son ƙasa, ba sa son rana mai zafi, ba sa son sanyi, ni dai ban ga abin da suke so ba in ban da wahalar da mai su. A bayan gidanta ta gina musu ɗakin gilashi, wasu a tukwane kan benci, wasu a rataye, ga wata na'ura a rufi da take fesa musu ruwa kamar yayyafi duk lokacin da ta ga dama.

A cikinsu akwai tukunya ɗaya da Yaya take ji da ita fiye da kowacce. Da hannunta ta haɗa auren iyayen shukar, wata fara mai faɗin fuska da wani ja mai ɗigo-ɗigo, tun 'yarta tana makaranta. Sai da 'yar ta gama karatu, ta yi aure, cikinta ya tsufa, sannan shukar ta ga damar yin fure. Furanni uku ne a kan kara ɗaya, farare tas da jan ɗigo a tsakiya. Ni da ba ruwana da fure sai da na tsaya kallo.

Ranar Asabar alƙalan ƙungiyar masu furanni za su zo su gan su da idonsu. Idan sun yi musu, za a karɓi shukar a matsayin sabon iri, Yaya ta raɗa mata sunan da take so. Idan kuwa suka zo babu fure, sai baɗi, domin sau ɗaya take yi a shekara. Sun kuma ce a tanadar musu hotuna masu kyau da za su tafi da su. Wannan maganar hoton ce ta faɗa kunnen Gwani.

“Haba Yaya! Kina da ni a gida za ki nemo bare?”

“Saboda ina da kai ɗin ne zan nemo, Ɗan'auta.”

“Ki daina kirana Ɗan'auta, ina da furfura. Ni fa idan na ɗauki furen nan, alƙalan ba za su ma nemi ganin na gasken ba.”

“Abin da nake tsoro ke nan.”

Da an bar ta, da ba ta yarda ba. Amma a ranar aka bugo waya cewa naƙuda ta kama 'yarta a can garin da take aure. Yaya ta rasa lokacin neman wani mai hoto, ga mota tana jira. Ta ja mu zuwa ɗakin gilashin da jakarta a hannu, ta tsaya gaban tukunyar, ta nuna tsakiyar furen da ɗan tsinke ba tare da ta taɓa shi ba.

“Kun ga wannan ɗan tudun mai kama da hanci? Akwai 'yar hula a kansa. A ƙarƙashinta akwai wasu ƙwayoyi rawaya masu danƙo. Idan na ɗauko na wani fure na saka a ɗan ramin da ke ƙasan hancin wannan, na haɗa musu aure ke nan, abin da za su haifa shi ne ruwa biyu. Amma daga ranar da aka yi wa fure haka ya san ya gama aikinsa. Sai ya yi yaushi, ya koma rainon 'ya'ya.”

“Na sani, na sani,” in ji Gwani. “Duk mun yi wannan a makaranta.” Yana faɗa yana kallon kansa a jikin gilashi yana gyara zaman hula.

“To me na ce?”

“Kin ce a kula da haske.”

“Na ce kada ka taɓa. Ka ɗauka daga nesa, ka kulle, ka fita.” Ta juyo gare ni. “Matarmu, ki sa masa ido don Allah.”

Na ce mata in sha Allahu. Ta miƙa masa makulli kamar mai miƙa wuƙa ga yaro.

Washegari muka ɗunguma. Gwani ya ce aiki irin wannan ba a yin sa babu shaidu, don haka mai aski da tela suka rufe shagunansu suka biyo mu. Ya ɗauko mana tasi mai sanyi, wai kada zafi ya taɓa kyamara. Ni aka ba jaka, mai aski ya saɓa mai ƙafa uku, shi kuma Gwani ya riƙe makulli.

Muna shiga ɗakin, ɗumi ya rufe mu kamar an buɗe tukunya. Gwani ya kafa kyamara, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa, ya ɗago.

“Wa ya kunna hayaƙi a nan?”

Babu wani hayaƙi. Kyamarar da ta sha sanyin mota ce ta haɗu da ɗumi, idonta ya yi gumi. Ya goge da bakin riga, ya leƙa, ta sake yi. Ya goge da hula, ta sake yi. Ya hura mata iska da baki, abin ya ƙara lalacewa.

“Ka ɗan bar ta ta huta mana,” in ji tela. “Tabarauna ma haka ya yi, ga shi har ya washe.”

“Jira aikin 'yan koyo ne. Kai ka taɓa ɗaukar hoto?”

“A'a, amma an taɓa ɗaukar rabina.”

Gwani ya fice, sai ga shi da babbar fankar falon Yaya. Ya jona ta, ya murɗa har ƙarshe. Nan take tukwanen da ke rataye suka fara lilo. Ya sunkuya ya kauce wa ta farko, yana ɗagowa don ya ga ko mun lura da zafin namansa, ta biyu ta same shi a ƙeya. Hularsa ta tashi ta faɗa cikin bahon ruwa. Mai aski ya ce tun da yake bai taɓa ganin fure ya rama duka ba sai yau.

Na kashe fankar da kaina. Kafin ya gama yi min faɗa, ƙafa ɗaya ta ƙarfen kyamara ta zurma cikin magudanar ruwa, kyamarar ta yi gaba, ya yi tsalle ya cafe ta, gwiwarsa ta ture butar ban ruwa a kan takalmin tela. Ana cikin haka na'urar rufi ta ce ita ma lokacinta ya yi. Ruwa ya sauko mana. Gwani ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe kyamara, ya tsaya daga shi sai singileti yana ɗaga wa rufin hannu wai ya dakata.

“Gwani, mu za mu koma,” in ji mai aski yana matse gefen wandonsa. “Wanka dai mun yi a gida.”

Suka tafi suna dariya har da riƙe juna. Ko a jikinsa. Ya ce dama taron jama'a yana hana gwaninta fitowa.

Da ruwan ya tsaya, idon kyamarar ya washe don kansa, sai ya ce shi ya gyara. Daga nan ya ce bayan furen ya cika tarkace, ana bukatar baƙin ƙyalle. Ya je ya ciro labulen ɗakin Yaya, ya tsayar da ni a bayan tukunyar, ya ce in ɗaga shi sama da kaina da hannu biyu, kada in motsa. Haka na tsaya, labule a gabana, ba na ganin komai sai baƙi. Wadda aka ce ta sa ido, an rufe mata idon.

Na ji ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na ji ya buɗe jakata yana lalube. Sai kuma na ji shiru, takunsa kawai nake ji yana zagaya ɗakin a hankali, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

“Baban yara, me kake yi? Shirunka ya fi surutunka ba ni tsoro.”

“Kwalliya. Ke dai ɗaga hannu, labulen yana sauka.”

“Yaya fa ta ce kada a taɓa.”

“Wa ya ce miki hannuna ya taɓa wani abu? Na saita kyamara tana ɗaukata da kanta ina aiki, saboda tarihi.”

Sai da kafaɗuna suka mutu sannan ya sallame ni. Na duba furannin uku, suna nan garau, na yi hamdala. Muka kulle muka tafi.

Sauran kwanakin Gwani bai zauna ba. Ya bi layi gida-gida yana gayyata. Ya aro babban talabijin ɗin shagon mai aski. Ya sa tela ya ɗinka masa riga mai aljihu da yawa, irin ta masu ɗaukar hoton namun daji. Hotunan kuwa ya hana ni gani, wai idan aka ɗanɗana tun a wuta armashin yana raguwa.

Ranar Asabar da safe ina jera kujeru a ƙarƙashin rumfar gidan Yaya, sai na ga ya shiga ɗakin gilashin yana fito. Bai daɗe ba ya fito babu fito, fuskarsa ta canza.

“Kina da zare da salatif?”

“Me za ka yi da su?”

“Gyaran waya.”

Ya koma ciki ya daɗe. Da ya fito ya kulle ƙofar, ya jefa makullin can cikin ɗaya daga aljihunan nan nasa. Kafin in tsare shi mutane sun fara cika kujeru. Alƙalai suka iso, shugabansu wani dattijo ne mai tabarau da sanyin magana. A bayansu tasi ta sauke Yaya, bakinta har kunne, an samu jika mace. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta miƙa hannu.

“Makulli, Ɗan'auta.”

“Yaya, baƙi sun zauna. A ƙa'idar aiki da hoto ake farawa. Idan ido ya saba da kyau sannan a shiga.”

Shugaban ya ce babu laifi. Yaya ta zauna a bakin kujera, ba don ta so ba. Gwani ya jona kyamara da talabijin, ya ɗauko sandar labule ya tsaya a gefe kamar malamin makaranta.

Hoto na farko fari ne fat, da wani abu ja-ja a tsakiya.

“Wannan,” in ji shi, “furen ne kamar yadda ake ganinsa a mafarki.”

“Allah ya farkar da mu,” in ji tela daga baya.

Na biyu fanka ce. Na uku rufin ɗaki ne da ƙafar mai aski. Na huɗu yatsuna ne a saman labule, da rabin fure a can ƙasa. Mutane suka fara tari irin na ɓoye dariya. Sai kuma ga hoto ya fito tangaran, komai a fili: Gwani ne da singileti, ya sunkuya kan wani fure mai ruwan ɗorawa, da tsinken goge kunne a hannunsa.

“Yauwa!” Ya buga sandar a ƙasa. “A nan ne ake bambanta gwani da mai ɗaukar hoton fasfo. Da na duba da idon basira, sai na ga kowane fure a ɗakin nan hancinsa da ɗan datti rawaya. Yaya ta manyanta, ido ya yi rauni, ba laifinta ba ne. Ni kuwa ba na ɗaukar ƙazanta. Ga ni nan ina share wa wannan. Ga ni a kan na gaba. Dattin danƙo gare shi, idan ya maƙale a tsinke sai in tura shi cikin ɗan ramin da ke ƙasa, ya ɓuya, hoto ya fita tsaf.”

Shugaban ya cire tabarau a hankali.

“Bawan Allah, tsinke nawa ka yi aiki da su?”

“Ɗaya tak! Ni ba na almubazzaranci. Da shi na bi ɗakin kaf, na ƙare da ukun nan na Yaya, domin su ne manyan baƙi. Su har sau biyu na bi.”

Jakar Yaya ta faɗi ƙasa. Ban taɓa ganin mace mai ciwon gwiwa ta yi saurin da ta yi ba. Ta cafki rigar Gwani, ta bi aljihunan ɗaya bayan ɗaya, ta ciro zare, ta ciro salatif, ta ciro makulli. Jama'a suka tashi suka bi ta, har da waɗanda ba su san me ake ciki ba.

Ɗakin da na bari kamar kantin atamfa, yanzu duk inda ka duba fure ya sunkuyar da kai ya yi laushi. Amma ukun nan na Yaya suna tsaye ƙyam, sun buɗe fiye da yadda Allah ya yi su. Sai da aka matsa aka ga dalili. An ɗaure kowanne da farin zare zuwa ƙarfen rufi, an manne bayansa da salatif.

“Kun gani?” in ji Gwani. “Zafi ne ya ɗan taɓa su, na ba su taimakon gaggawa.”

Bai rufe baki ba na'urar rufi ta saki ruwa. Alƙalai suka kare kai da hannu. Salatif ya jiƙe ya fara saki. Fure na farko ya langaɓe, na biyu ya bi shi, na uku ya tsinke gaba ɗaya ya koma lilo a jikin zare a daidai hancin shugaba.

“Wannan ma salon zamani ne?” in ji mai aski.

Dariya ta ɓarke a bakin ƙofa. Shugaban bai yi ba. Ya sunkuya ya duba bayan furannin da suka rage, inda kara ya ɗan kumbura ya yi kore.

“Sun ɗauki ciki,” ya ce. “Hajiya, duk ɗakin nan naki ya ɗauka.”

“To waye uban?” in ji tela.

“Sai dai a tambayi wannan. Aikin da ƙudan zuma za su yi shekara ba su gama ba, shi ya gama shi kafin azahar.”

“Shi ke nan, an sauke Gwani,” in ji mai aski. “Daga yau Ƙudan Zuma.”

Kun san mutumin nan sai ya gyara tsayuwa? Idonsa ya kawo haske.

“Ranka ya daɗe, wato kana nufin na ƙirƙiro sababbin iri? Ɗaki guda?”

“Wataƙila, bayan shekaru masu yawa. Amma ruwa biyun da ba a san ubansa ba, babu ƙungiyar da za ta karɓe shi.” Ya juya ga Yaya. “Ko akwai hoto ɗaya mai kyau na furen kafin a yi masa haka? Ba zai isa ba, amma mu san abin da za mu dawo gani.”

Aka koma gaban talabijin aka bi hotunan daga farko har ƙarshe. Duk wanda furen ya fito shi kaɗai, dishi-dishi ne. Duk wanda ya fito tangaran, Gwani ne a gaba, har gashin hancinsa ana iya gani, furen kuma yana can a bayan kunnensa. Shugaban ya mayar da tabarau, ya ba Yaya haƙuri, ya ce Allah ya kai mu baɗi. Mutane suka watse suna ta zuuu, zuuu idan sun gifta maigidana.

Ni dai dariyata ta tsaya. Na bi Yaya cikin ɗakin gilashin na same ta tsaye gaban tukunyar, ruwa yana ɗiga daga mayafinta. Tausayinta ya kama ni sosai, domin na san shekara guda a wurin mai shekarunta ba abin wasa ba ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko almakashi ta yanke karan daga tushe.

“Idan na bar mata 'ya'yan nan za su shanye ƙarfinta,” ta ce da ni. “Baɗi ma ba za ta yi fure ba.”

Gwani ya leƙo daga bakin ƙofa, kyamara a wuya.

“Yaya, kada ki damu. Yanzu na gane ɗakin sarai. Baɗi da fanka biyu zan zo, kuma tun da sassafe.”

Yaya ta taka har inda yake. Ta buɗe babban aljihun gaban rigarsa, ta cusa masa karan da zarensa da salatif ɗinsa, ta maɓalle.

“Ga 'ya'yanka nan, ka je ka raina.” Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. “Ɗan'auta, ni na goya ka a bayan nan nawa har ka yi ƙafa, ban taɓa yar da kai ba ko sau ɗaya. Yau na gane inda na yi kuskure.”

Ta tura shi waje da yatsa ɗaya, ta rufe ƙofa.